Ruwan Banaras Bai Shiga Kanal Ba

Zuwa ga Mai Girma Alhaji, Shugaban Ƙungiyarmu ta Manoman Rani,
ta hannun allon sanarwa na bakin ofis.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da kwankwason nan da ya daɗe yana damunka, wanda na ji kana cewa ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa. Zan dawo kan maganarsa.

Ni ne Sale ƙanen Garba, mai eka ɗaya da rabi ta albasa a can ƙarshen layin ruwa, ɓangaren Bunkure. Yau kwana goma sha ɗaya da kwamitinka ya cire ni daga layin ban-ruwa, aka kwashe mini tiyo, wai na zuba ruwan tsafin Indiya a kanal, shi ya sa tsutsa ta cinye tumatirin jama'a. Sau uku ina zuwa ofis ana cewa kana Kura. Albasata kuwa ta fara kwantar da kai, ganyenta ya yi jawur, kuma ita ce abincin gidana na bana. Tsoro nake ji, Alhaji, shi ya sa na rubuto inda kowa zai karanta.

Na ɗaya: abin da ya kai ni Indiya. Yaya Garba na raka aikin gwiwa, kowa ya sani, kai ma ka zo mana sallama. A asibitin, gadon da ke kusa da namu na wani dattijo ne Bahinde mai suna Mohan, manomin shinkafa. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu, amma da na nuna masa hoton gonata a waya sai ya kama tafin hannuna ya duba kanta, ya nuna mini nasa. Shi ke nan muka ƙulla. Da aka sallame shi, Yaya kuma yana da sauran mako biyu na koyon taka ƙafa, sai ɗansa mai jin Turanci ya ce babansa ya rantse sai na je na ga kogin garinsu. Wane manomin rani ne za a ce ya zo ya ga ruwa ya ƙi?

Na biyu: garin da ake ta yi mini ƙage a kansa. Banaras sunansa, wasu su ce Baranasi, tsohon sunansa kuma ma'anarsa birnin haske. Sun ce yana cikin garuruwan da suka fi daɗewa a duniya mutane ba su taɓa tashi daga cikinsu ba. Ni da na je da tinƙahon Dala da ganuwa, sai na mayar da tinƙahona aljihu. Lungunansa sun fi na Kurmi matsi, kuma saniya ce mai hanya, in ta tsaya sai ka jira ta gama tunaninta. Garin yana zaune a gaɓar kogin Ganga, an jera matattakalai na dutse tun daga sama har cikin ruwa, iya ganinka. Alhaji, da za a juyo mana rabin ruwan nan, da ba wanda zai ƙara zagin uban wani a kan layi.

A wurin Hindu nan ne babban wurin ziyara. Sun yi imani abin bautarsu Shiba ne ya kafa garin, kogin kuma uwa suke kiransa. Tun rana ba ta fito ba za ka ga tsoho da tsohuwa, mai kuɗi da talaka, sun shiga ruwa har ƙirji suna addu'a, suna ganin wankan yana kankare zunubi. A aƙidarsu mutum in ya mutu sake dawowa yake yi duniya, sai wanda ya cika a Banaras, shi ya huta da zirga-zirga. Don haka akwai gidajen da tsofaffi ke zuwa su zauna jiran ajali. A bakin kogin suke ƙona mamatansu, da wata wuta da suka ce ba ta taɓa mutuwa ba tun kaka da kakanni. Na gani daga cikin kwalekwale, na yi salati. Ba addinina ba ne, amma hawayen da na gani a fuskar Mohan irin namu ne.

Na uku: hoton da Tanimu ɗan ƙungiyarmu yake yawo da shi. E, ni ne a kwalekwale, da sarƙar furanni a wuya. Haka suke karɓar baƙo, kamar yadda muke miƙa goro. Ban yi wanka ba, ban ma iya iyo ba, shaidata Tanimu ne, shi ya tsamo ni daga kanal muna yara. Garin cike yake da Musulmi masaƙan alharini, a masallacinsu na yi Juma'a, limamin ya fi namu jan sura.

Na huɗu: tulun. Ranar da zan taho, Mohan ya ba ni wani ɗan tulun tagulla da bai fi kofin shayi biyu ba, an toshe bakinsa. Ɗansa ya ce ruwan Ganga ne, masu ziyara kan tafi da shi gida su adana, sai mutum yana gargara a ɗiga masa a baki. Mutumin nan ya ba ni abin da ya fi daraja a wurinsa. Da kai ne, za ka jefar a gabansa? Na karɓa da hannu biyu, na zo na ɗora a kan sif, don tunawa da aboki.

Na biyar: tsutsa. Alhaji, tsutsar nan ta riga fasfona zuwa garin nan. Shekarun baya da ta share Kadawa, ni ko tashar jirgi ban taɓa gani ba. Sannan gonata ce ta ƙarshe, ta Tanimu tana sama da ni da gona tara. Tun da aka saki ruwa daga madatsar Tiga ban taɓa jin ya yi ribas ba. Abin da na sani, tun da aka cire ni, Tanimu sau biyu yake ban-ruwa a mako.

Na shida, wanda na so in mutu da shi a ciki, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kwamiti ya ce in kawo tulun, na kawo, aka gan shi wayam, aka ce to ga shaida. Aka tambaye ni ina ruwan, na sunkuyar da kai. Don kai na sunkuyar, Alhaji.

Ka tuna ranar Asabar da ka zo yi mana barka da dawowa, ka tarar na tafi gona? Hajara matata ta shimfiɗa maka darduma a falo. Ka hango tulu a kan sif, ka ce ashe Sale ya biyo ta Makka ya yi shiru don kada a roƙe shi zamzam. Ita ma ba ta san ko mene ne ba, laifina ne da ban gaya mata ba. Ka sa ta sauko da shi, ka ɓalle bakin da makullin babur ɗinka, ka fuskanci alƙibla, ka kurɓa sau uku, ragowar ka shafe kwankwaso. Ta Habasha jirginmu ya biyo, Alhaji. Da na dawo daga gona Hajara ta ba ni labari, sai da na zauna a ƙasa. Kwana biyu ba a gan ka a masallaci ba, ka fito ka ce wankin ciki zamzam ɗin ya yi maka. Bayan nan a gaban taron ƙungiya ka miƙe tsaye ba sanda, ka ce zamzam ɗin wani bawan Allah ne ya warkar da kai. Ina zaune a sahu na biyu, na ce amin tare da kowa.

Na tambayi malami ba tare da na kama suna ba, ya ce wanda ya sha bai sani ba babu komai a kansa, waraka kuma ta Allah ce. To ka kwantar da hankalinka.

Abin da nake roƙo uku ne. A dawo mini da tiyona kafin ranar Alhamis, in ta wuce albasar ba ta tashi. A dawo mini da tuluna, kyautar aboki ce. Sannan in kwamiti ya dage cewa duk inda ruwan Banaras ya shiga sai an hana shi ruwa, ban ja da hukunci ba, amma a bar gonata ta sha, a je a fara da inda ya shiga.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ƙara wa kwankwaso ƙarfi, Ya kai mu Makka tare mu sha na gaskiyan, ni zan riƙe maka kofin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale ƙanen Garba,
mai albasar ƙarshen layi.