Amsar Tambayarka Ta Samu, Lawal

Zuwa ga aminina Lawal na Kaikai,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske makwancinka. Na san ba mai kai maka takardar nan, kai ma ba za ka karanta ta ba. To wa zan gaya wa in ba kai ba?

Na zo gida hutu daga Ingila. Damina ta yi kyau, gyaɗar Kunduru ta yi albarka, har Baba ya ƙara gona.

Ka tuna lokacin da muke makaranta a birni, mun sauka mota a Kankiya muka kama hanyar Kusada a ƙasa? Kana tafe kana jifa da tsakuwa. Ka ce yadda dutse ke faɗuwa a Kankiya haka yake faɗuwa a Kusada, yadda ya faɗi jiya haka zai faɗi gobe. Sai ka tambaye ni ko ƙwayoyin da suka fi ƙura ƙanƙanta su ma suna bin wannan daidaito. Na ce ka bari mu isa, yunwa nake ji. Da muka samu gurbin karatu a Ingila tare, ka ce can za ka nemo amsar. Sanƙarau ya ɗauke ka a bazarar da za mu shiga jirgi.

Lawal, suna bi. Malamanmu sun nuna mana cewa duk inda doka ta ƙi canzawa, akwai abin da ba ya ɓata. Tun da jiya da gobe ɗaya suke a wurinta, ƙarfi ba ya ƙarewa, sai dai ya sauya kama. Tun da nan da can ɗaya ne, tafiyar abu ba ta salwanta, sai dai ya miƙa ta ga wani. A duniyar ƙananan nan kuwa, ƙwaya ba tsakuwa ba ce. Motsi ce a wani fili da ya game ko'ina, kamar iska a gonar gero. Ana haifar ta, ta ɓace, wata ta fito. Duk da haka, in ka haɗa abin da ya shiga da abin da ya fita, sai ka tarar daidai. Ranar da na gane haka a kan allo, na waiwaya in ga fuskarka. Wani Bature ne zaune.

Daidaito ɗaya dai ya karye. An daɗe ana zaton halitta ba ta bambanta dama da hagu, kamar abu da hotonsa a madubi. Kwanan baya aka gano wasu ƙwayoyin bahagwai ne. Kai da ka sha bulala don rubutu da hagu, wace irin dariya za ka yi?

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni lissafi bai dame ni ba, kai nake bi. Yanzu hukuma ta yi mini tayin koyarwa a Kankiya, Baba yana so in zauna, na kuwa kusa amsawa. Me zan koma nema a ƙasar sanyi ba kai?

Sai na hau keke na je Kaikai gaishe da Inna, mahaifiyarka. Idonta ya yi rauni, amma da sallamata ta gane ni. Ta dama mini fura, ɗiyarka Hindatu na laɓe a bayanta da goshinka sak. Inna ta tambaye ni ko abin da ɗanta ya so sani ya samu. Na ce an samu rabi. Ta ce ai ba a barin gona rabin noma, in koma in ƙarasa, in zo in gaya wa yarinyar nan idan ta girma.

Bayan girbi zan koma.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu a Aljanna. Ka tanadi tambayoyinka, wannan karon ba zan ce yunwa nake ji ba.

Naka har kullum,
Sada na Kunduru