A Kira Sunan Yuranis

Lahadi, a kan teku

Zuwa ga mijina Wilfrido,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ciwon bayan nan kuma ya yi sauƙi. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya gareji? Ni lafiya lau nake, sai ɗan jiri da safe, shi ma ya wuce.

Na san ba ka son jin komai game da tafiyar nan. To ga shi dai na hau jirgin, mun bar Cartagena tun jiya. Na zaɓi in rubuta maka ne domin in na fara magana a gida tashi kake yi ka fita. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka ta waya, ka karanta ko ka ƙi.

Tsohona, ka manta tafiyar wa ce wannan? Ta Yuranis ce. Ita ta ce ba ta son bikin cikarta shekara goma sha biyar a rumfa a ƙofar gida kamar na kowa. A jirgin ruwa take so, tare da sauran 'yan mata, da farar riga, a kira sunanta ta sauko daga matakala kana jiran ta a ƙasa. Kowace Asabar ni nake kai ta Barranquilla koyon rawar, har zazzaɓin nan ya ɗauke mana ita a watan Afrilu. Tun da aka gama addu'ar kwana tara ban ƙara jin sunanta a gidanmu ba. Mama "yarinyar" take cewa. Ƙanwarka Nelsy ta ce "marigayiya". Kai kuwa ba ka cewa komai.

Nelsy ta bi ni har tashar mota tana faɗa. Ta ce, "Ludys, kanki ɗaya kuwa? Da baƙaƙen kaya a jikinki za ki tafi yawon shaƙatawa? Me mutanen garinmu Soledad za su ce?" Na ce mata, "Su ce, ai da ma ba su da wani aikin." Na san ta kawo maka rahoto, har da ƙari.

Jirgin nan cike yake da yara. Ko'ina ka juya wani yana gudu da jiƙaƙƙen wando uwarsa na bin sa da tawul. Kowa da nasa, har da kakanni a keken guragu, ni kaɗai ce ba ni da kowa. A bakin ƙofar shiga mai hoto ya tsayar da ni, ya kira ni da sunan girmamawa ya ce, "Doña, a jira sauran iyalin ko?" Na ce, "Ɗauka, ɗana, iyalin ke nan." Ya ɗauka, ya rasa inda zai sa idonsa. A ɗaki gado uku na tarar. Mai gyaran ɗaki ta ce ta naɗe na saman, na ce ta bar shi.

Ban zo iyo ba, ban zo cin abinci ba. Abu ɗaya ya kawo ni. Ranar Alhamis da yamma za a yi bikin, a kira 'yan matan ɗaya bayan ɗaya. Ina so a kira sunan 'yata a inda ya kamata a kira shi. Gobe zan sami Doña Maritza, mai shirya tafiyar, in gaya mata.

Ka riƙa shan maganinka bayan ka ci abinci. Ka gaida Mama.

Matarka,
Ludys

Talata, Curaçao

Wilfrido,

Ina gaishe ka, ina fata kun tashi lafiya kai da Mama. Na ga alamar ka buɗe saƙona, ba ka dai ce komai ba. Ba laifi.

Na je wurin Doña Maritza. Ta rungume ni, ta yi hawaye, ban kuma ce na ƙarya ba ne, don ta san Yuranis. Amma da na faɗi abin da nake so sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Haba Ludys, ki tausaya mini. Iyayen nan shekara da shekaru suna jiran ranar nan. In aka kira sunan wadda ta rasu, 'yan mata su fashe da kuka, kwalliya ta lalace, wa za a zaga? Ni." Ta ce akwai limamin coci a jirgin, za ta sa ya ambaci Yuranis a addu'ar safe. Na ce, "Doña Maritza, an riga an kira ta a cikin matattu, ina wurin, na ji. A cikin 'yan mata nake so a kira ta." Ta ce ba zai yiwu ba. Ta ƙara da cewa in na ta da hankalin mutane za ta sa ma'aikatan jirgi su hana ni shiga zauren. Na ce na ji.

A wurin cin abinci an haɗa ni tebur ɗaya da iyalin Dayana. Ka tuna ta, doguwar nan mai ƙarfe a haƙora da suke dawowa mota ɗaya da Yuranis. A layin saukowa daga matakala gajeru ne a gaba, sai ya zama wata yarinya Keila, sai tamu, sai Dayana. Uban Dayana mutumin kirki ne, surutu ne dai da shi, duk abin da aka kawo sai ya ce bai kai na gidansu ba. Kakar kuwa da ta ga baƙar rigata sai ta yi alamar gicciye ta ja kujerarta gefe. Na ce, "Kaka, ki kwantar da hankalinki, ba a ɗauka." Uban ya tuntsire da dariya har ya ƙware, matarsa Arelis ta harare shi.

Yau da safe Arelis ta same ni a bakin ƙarfen jirgi ina kallon gidajen nan masu launi-launi. Maganar ta riga ta zaga. Ta ce, "Ludys, ni ma uwa ce. Amma 'yata ce ke biye da taki a layi. Rana ɗaya ce take da ita a duniya, don Allah kada ki ɓata mata." Tsohona, wannan ta shige ni fiye da barazanar Doña Maritza. Gaskiya ta faɗa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina tunanin ko in haƙura, in karɓi addu'ar safen nan in yi shiru kamar yadda kuke so duka.

Sai da rana na leƙa inda suke gwajin rawa. Malamin yana tafi yana ƙirga musu, suna juyi, layin a haɗe yake tsaf, ba ko ɗan giɓi. Wanda bai sani ba zai rantse ba a taɓa yin wata yarinya a tsakanin Keila da Dayana ba. Haka gidanmu ya zama. Daga nan na daina tunanin haƙura.

Ban san yadda zan yi ba tukuna. Amma zan shiga zauren nan, da baƙar rigata kuma zan shiga.

Ka ce wa Nelsy in ta ɗauki kaskon suyata ta wanke shi kafin ta mayar.

Matarka,
Ludys

Juma'a, Aruba

Mijina, uban Yuranis,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, Mama ma haka. Ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, kada ka tsaya a rabi.

Jiya aka yi bikin, rana ba ta faɗi ba tukuna, haskenta na shigowa ta tagogi. Ba wanda ya hana ni shiga, Doña Maritza ta dai sa aka zaunar da ni can gefe, bayan wani ginshiƙi. Zaure ya cika maƙil. Iyaye maza sun jeru a ƙasan matakala da baƙaƙen kwat, kowa riƙe da takalmi mai tsini a hannu, wasu sai zufa suke yi. Aka sa kiɗa. Mai sanarwa ya fara kira, sunan yarinya, na ubanta da na uwarta, da garinsu. Ta sauko a hankali, uban ya durƙusa ya cire mata takalmin yarinta ya sa mata na manya, a yi tafi.

Aka kira Keila. Ta sauko, ubanta ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara har aka yi dariya. Na ga mai sanarwa ya ja numfashi zai kira ta gaba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fito daga bayan ginshiƙin, na ɗaga muryar nan da nake tallan waina da ita a bakin titi, wadda kake cewa ana ji har gareji. Na ce, "Yuranis Polo Pertuz, 'yar Wilfrido da Ludys, daga Soledad!"

Wuri ya yi tsit, kiɗan ne kawai bai tsaya ba. Kowa ya juyo. Doña Maritza ta yi wa mai sanarwa alama da hannu, ya yi sauri ya kira Dayana.

Dayana ba ta motsa ba.

Ya sake kira. Arelis ta miƙe tana yafito ta, tana cewa, "Sauko mana, 'yar nan, sauko!" Yarinyar tana tsaye a saman matakala da farar rigarta, idonta a kan matakan da ba kowa a kai, leɓenta yana motsi tana bin kiɗan. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ta ɗan jira kaɗan. Sannan ta ɗaga kai, ta kama gefen rigarta, ta sauko abinta tana murmushi, ubanta yana share ido da hannun kwat.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ba a yi wa 'yarmu tafi sosai ba. Wani tsoho ne can baya ya tafa, sai wasu 'yan kaɗan. 'Yan mata biyu sun yi kuka, kwalliyarsu ta ɓaci kamar yadda aka ce. Doña Maritza ba ta ƙara kallona ba, ta kuma sa an canza mini tebur, yanzu ni kaɗai nake ci kusa da ƙofar kicin. Arelis ta wuce ni yau ba gaisuwa, ban ga laifinta ba. Na ɗauki wani abu daga ranar 'yarta, na sani, kuma in za a sake zan sake.

Da safen nan na haɗu da Dayana a layin karin kumallo, da ragowar kwalliya a ido. Na kama hannunta na ce, "'Yata, ki yafe mini, na sa ki tsaka mai wuya." Ta ce, "Haba Doña Ludys, ai ba a haɗa biyu a matakala. Malam ya ce sai ta gabanka ta kai ƙasa an sa mata takalmi. Kuma Yuranis ba ta sauri, kullum sai ta ɓata mini lokaci." Ta ɗauki farantinta ta wuce. Na tsaya a wurin ina dariya ina kuka, mutane na kewaye ni da farantansu.

Tsohona, abu ɗaya ya rage da ban faɗa ba. Duk lokacin da Dayana take jira, ni ƙasan matakalar nake kallo. Ba kowa a wurin. Kowace yarinya da ubanta a durƙushe, tamu ce kaɗai ta sauko ba ta tarar da kowa ba. Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba. Na san kai ma abin yana cin ka, ina jin ka kana juyi a gado. Amma shirun nan na gaji da shi, ba zan ƙara taya ka yin sa ba. In na dawo zan riƙa kiran sunanta a tsakar gida, a gaban Mama, a gaban Nelsy, duk lokacin da ya zo mini baki.

Jirgi zai iso Cartagena ranar Asabar ta sama da safe. In ba ka zo ba zan hau mota in dawo, na san hanya. In kuwa ka zo, kada ka tambaye ni gajiya, kada ka karɓi jakata tukuna. Ka fara gaya mini sunan 'yarka.

Ka gaida Mama. Allah ya bar mu tare.

Matarka,
Ludys, uwar Yuranis