Teburin Daimon Nawa Ne

Litinin, 3 ga Maris

Ƙanina ya kawo 'yarsa shago. Wai ta gama karatun duwatsu masu daraja, za ta riƙa taimaka min a teburin zaɓen daimon. Taimako! Teburin da nake kansa tun kafin a yaye ta. Ta shigo da farar safar hannu kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Daga yau sunanta Mai Safa.

Na ce masa shagon namu ne mu biyu, amma teburin nawa ne. Ya ce, "Yaya, a bari zuwa ƙarshen wata mu gani." Mu ga me?

Alhamis, 6 ga Maris

Wata mata ta zo sayen zobe, ta tsaya ƙarƙashin fitilun shago tana ta santin ƙyalli. Na ja ta gefe na faɗa mata gaskiya: waɗannan fitilun ko fasasshiyar kwalba aka ajiye musu sai ta yi ƙyalli. Ba nan ake ganin launi ba. Kife dutsen ake yi a kan farar takarda, a kalle shi ta gefe. Harafin D shi ne fari tas kamar ruwa, ana gangarawa zuwa Z rawaya na ƙaruwa. Na kife wanda ta zaɓa, na ce K ne, a ɗora shi a zinare mai rawaya ya saje, don farin zinare tona masa asiri zai yi.

Sai ga murya a bayana: "Gwaggo, ni kamar G nake gani." A gaban mai saye! Na ce wa ya tambaye ki? Matar ta ce za ta dawo. Ba za ta dawo ba, na san irinsu.

Asabar, 8 ga Maris

Mai Safa ta gaishe ni har ƙasa. Munafurci.

Talata, 11 ga Maris

Dillalinmu ya kawo kaya. Mutumin da muka tsufa tare a harkar nan, yau shi ne zai zube min duwatsu masu rawaya ya ce farare ne. Na tura masa abinsa. Na ce tunda ya ji an kawo yarinya shago shi ya sa ya ɗauka an fara sayen tarkace. Ya rantse, ya sake rantsewa. Ya ce, "Uwar ɗakina, ni zan cuce ki?" Na ce ƙofa na nan inda ka bar ta.

Na ga Mai Safa ta bi shi waje. Haɗa baki aka fara ke nan. To, mu zuba.

Laraba, 19 ga Maris

Kowa ya lalace. Mai wanki ya dawo min da fararen mayafaina duk sun dafe, ya tsaya yana musu wai ƙal suke. Na sallame shi.

Ƙanina kuma ya zo da zancen wai na yi wa dillali rashin adalci, 'yarsa ta kwatanta duwatsun da waɗanda ake auna launi da su, farare ne. Na ce kai da ba ka iya riƙe hantsaki ba sai dutse ya yi tsalle, yau kai ne alƙali? Ya ce, "Yaya, ba faɗa na zo ba." Ni faɗa na zo.

Juma'a, 21 ga Maris

Na daka wa Mai Safa tsawa kan takardar da take shimfiɗa min. Tsohuwa, ta yi rawaya, ta yaya za a auna launi a kanta? Ba ta musa ba. Ta ɗauko sabon ƙunshi, ta yage ledar a gabana, ta zaro ɗaya ta shimfiɗa.

Ita ma rawaya ce.

Na ce kamfanin ne ya lalata kayansa. Ta dube ni, wani irin kallo da na tsana, ta ce, "To, Gwaggo." Da ma zagina ta yi.

Litinin, 24 ga Maris

Na je asibitin ido, don canjin tabarau kawai. Likitan ya haska, ya haska, ya ce yanar ido ce, a duka biyun. Ya tambaye ni ko farin abu ya fara yi min rawaya-rawaya. Na ce a'a. Ya ce aikin ba wuya, amma sai an sa ni a layi. Yaro ne, surutu ya yi masa yawa.

Ban faɗa wa kowa ba. Su ji, su ɗauke teburin su ba ni kujerar bakin ƙofa ina yi wa mutane sannu da zuwa? Allah ya kiyaye.

Alhamis, 27 ga Maris

Ban je shago ba. Ciwon kai.

Litinin, 31 ga Maris

Ƙarshen wata. Ƙanina ya lallaso dillali ya dawo da kaya, shi kuma ƙanin nawa ya ja kujera ya zauna, wai kallo kawai yake. Dillalin ko ido bai haɗa da ni ba.

Na kife dutsen farko. Na kalla ta gefe, na juya, na sake kalla. Wallahi ban sani ba. Zai iya zama D, zai iya zama M. Na ajiye hantsakin.

Na tura wa Mai Safa takardar. Na ce, "Ke mai karatu, faɗi naki in ji ko kin iya." Ta duba, ta ce F. Na ce daidai. Na gaba, H. Na ce daidai. Haka har muka gama, tana faɗa ina cewa daidai. Muka sayi kayan duka, na ce wa dillali wannan karon ya kawo na kirki. Bai ce su ne na ranar ba, amma na gane ƙunshin.

Ƙanina ya tambaye ta, to yaya, wa zai riƙe teburin? Ta ce, "Baba, Gwaggo mana. Ba ka ga ita ke duba min aikina ba?"

Maƙaryaciya. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Na ce a kawo mata kujera ta ajiye kusa da tawa, don tsayuwarta a kaina na hana ni aiki.