Da'irar da Na Aika wa Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Yaya maigidan da yara? Yaya ƙafar Baba?

Yaya, mutane da dama suna zaton duk abin da ya kashe ƙwayar cuta a farantin gwaji zai warkar da mutum. Kullum ina ja wa ɗalibaina kunne a kan haka, yau ga shi ni na yi abin da ya fi wannan muni.

Kin san ganyen da Baba yake ba masu gyambo. Na tatsi mansa da tururi, na ɗiga a 'yar takarda, na ɗora kan farantin da muka raini ƙwayoyin cuta. Washegari sai ga da'ira fes kewaye da takardar, alamar sun mutu. Murna ta ɗebe ni, na ɗauki hoton da'irar na aika wa Baba. Shekara arba'in ana raina sana'arsa, na so ya ji daɗi.

Man yana da kauri, da sifirit na tsinka shi. Jiya muka maimaita gwajin, na ɗiga sifirit zalla a gefe, abin da ya kamata in yi tun farko. Da'irar iri ɗaya ta fito. Ashe sifirit ne ya yi aikin.

Mama ta gaya min Baba ya manna hoton a bango, ya daina zuwa wankin gyambonsa a asibiti, ya koma kan ganyen, ga ciwon suga. Sau huɗu ina kiransa, sai dariya yake min, wai karatun bokona ya gaskata shi da safe ya ƙaryata shi da yamma. Har cewa ya yi wurin ya daina zafi. Yaya, wannan ba sauƙi ba ne, jijiya ce take mutuwa. Idan gyambon ya kai ƙashi, yanke ƙafar za a yi, kuma ni na jawo.

Don Allah ki je yau, kada ki yi gardama da shi. Ki samu tsinke, ki fara taɓa yatsun ƙafarki ki ji yadda mai lafiya take amsawa. Sannan ya rufe ido, ki taɓa nasa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda kika taɓa. Idan ya kasa, ki miƙa masa tsinken ya gwada da hannunsa. Mai magani ne, zai gane. Motar kai shi asibiti ta kasance a ƙofa kafin ki shiga.

Ki gaida Mama.

Ƙanwarki,
Auta