Kunnen da Nake Ɗame Zarto da Shi Ya Fara Mutuwa

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni da yayana muke sana'ar tsaga katako. Injin ni na haɗa shi da hannuna, da tayoyin mota biyu da ƙarafan da na yi wa walda, ruwan zarton yana zagaye tayoyin kamar bel. Ba mu da ma'aunin ɗauri. Da kunne nake yi: in ɗaure noti, in taɓa ruwan da yatsa kamar tsirkiya, in saurara. Idan ya yi sako-sako, katako ya fito a karkace. Idan ya ɗame da yawa, ya tsinke. Akwai wata ƙara siririya a tsakani, ita nake nema. Yaya har tutiya yake yi wa masu saye, wai kunnen ƙaninsa ya fi na'ura.

To Malam, kunnen nan ya fara mutuwa. Tun bara nake jin wani zuuu da ba ya yankewa. Maiɗakina tana ganin share ta nake yi in ta yi magana, na bar ta a haka. Yanzu in na taɓa zarton, yatsana yana jin rawarsa, amma ƙarar babu. Sai in karkata kai, in gyaɗa, in ce ya yi. Cinta kawai nake yi.

Makon jiya ruwan ya tsinke ana tsakiyar gungume. Yaya yana can ƙarshen inji yana karɓar katako, inda ya saba tsayawa. Bakin ƙarfen ya yage masa wuyar riga, ya bar masa jan layi ƙasan haɓa. Ya yi dariya, ya zagi mai sayar da zarto, ni ma na taya shi. Ni mai rubuta abin da ya faru kowace rana ne, amma ranar na kasa rubuta komai.

Wataƙila ƙarfen ne marar kyau, ban sani ba. In na faɗa wa Yaya batun kunnen, me ya rage mini a wurin? Ba ni da ƙarfin ɗaga gungume, ban iya ciniki ba. In na yi shiru, 'ya'yansa ƙanana ne. Sabon ruwa yana rataye, jibi za mu ɗora.

Mai Zarto

Malam Mai Zarto, sannu da wannan nauyi. Na fahimci tsoronka, kuma ba lallai laifin kunnenka ba ne: tsohon ruwa yakan tsage a gindin haƙora ya tsinke ko an ɗaure shi daidai. Amma wuyan Yaya ba wurin gwaji ba ne. Kada injin nan ya tashi jibi sai ka gaya masa. Zai ji zafin ɓoyewar, ka bar shi ya yi faɗansa.

Aikin kuwa ido yana yinsa, haka masu sana'ar suka bayyana mini. Ka daidaita iskar tayoyin. Ka janye 'yan ƙarafan da ke tallafe ruwan, kowa ya koma bayan inji, ka tayar ba gungume. Sassauta a hankali har ka ga ruwan yana karkarwa, sannan ka ɗaure har karkarwar ta tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan. Sa alamar fenti a notin. In an tashi daga aiki, ka sassauta ruwan ya huta. Kafin duk wannan, ka yi wa tayoyin murfin ƙarfe, Yaya kuma ya daina tsayawa saitin zarto.

Ka je asibiti a duba kunnen, ku riƙa toshe kunnuwa in inji yana aiki. Maiɗakinka ma a gaya mata, ta daina zaton share ta kake yi.

Ka ce me ya rage maka. Kunne ne ya yi waldar injin? Mutumin da ya haɗa shi yana nan. Ka kira Yaya tun yau, kafin layin nan na haɓarsa ya warke ka samu hujjar yin shiru. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ku duka.