Gwangwanayen Ƙusoshin Baba

Litinin, 3 ga Maris

Hutuna ya fara yau, sati biyu. Na so in yi barci in huta da tsayuwar kantin magani, sai ga ni a shagon kafintan Baba. Makon jiya zarto ya yanke shi a hannun hagu, ɗinki biyar. Yaya ya ce tsufa ne, a rufe shagon kawai. Na ce bari in je in gani da idona.

Na gani kuwa. Sukundireba a cikin gwangwanin shayi. Guduma a ƙarƙashin benci. Filaya a rataye a bayan ƙofa. Ƙusoshi a gwangwanaye kala-kala, wani dogo, wani a lotse, wasu ma a cikin tsohon kofin roba. Ta yaya mutum ba zai yanke ba a nan?

Baba ya ce, "Ki zauna ki sha iska, amma kar ki taɓa min komai." Na ce to.

Talata, 4 ga Maris

Yaya ya kai Baba wankin ciwo, daga nan Umma ta hana shi fita. Na ɗauki makulli.

Awa bakwai na yi. Na kafa faffaɗan katako a bango, na buga ƙusoshi, na rataye kowane abu, na zagaye siffarsa da baƙin alƙalami don a san gurbinsa. Zarto uku a jere, daga babba zuwa ƙarami. Tsofaffin gwangwanayen nan na kwashe na kai bola, na sayo sababbi goma iri ɗaya, na manna wa kowanne takarda: inci ɗaya, inci biyu, inci uku. Fensir goma sha ɗaya na tsinta a cikin garin katako.

Mai walda na kusa da mu ya leƙo, ya daɗe yana kallo. Na zaci yabo zai yi. Sai ya ce, "Kin gaya masa?" Na ce so nake ya gani kawai. Ya sosa ƙeya ya koma.

Bayana kamar zai ɓalle, amma shago ya zama shago.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya shigo, ya sunkuya, ya zura hannu ƙarƙashin benci. Ya lalluba, ya sake lallubawa.

"Ina gudumata?"

"Ga ta can a gabanka, Baba, a jikin bango."

Ko sannu. Ya zauna a kan kujera har azahar bai yi aikin komai ba. Awa bakwai fa.

Juma'a, 7 ga Maris

Ya nemo wani gwangwani, ya mayar da sukundireba ciki. Na mayar bango. Ya sake saukewa.

Asabar, 8 ga Maris

Wata mai ɗinki ta kawo kujerarta, ƙafa ɗaya tana rawa. Aikin minti goma. Baba ya ɗebo ƙusa inci uku ya buga a siririn katako, katakon ya tsage gida biyu a gabanta. Ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikin gwangwanin.

Bakina ya riga ni. Na ce, "Haba Baba, ai na rubuta. Karantawa kawai za ka yi." A gaban matar mutane na faɗa. Ita ta kawar da kai, shi kuma ya ce mata ta dawo jibi, zai sake mata ƙafar gaba ɗaya.

A hanya bai yi min magana ba. Ni ma ban yi ba. Mutum ya bar hutunsa ya zo ya gyara maka wuri, ka mayar da shi abokin gaba.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe ina shara, ya zaci na fita. Na gan shi ya ɗauki gwangwani ya kai kunne ya girgiza. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu, ya girgiza, ya sa yatsa ciki. Takardar tana gaban hancinsa bai ko kalle ta ba. Na matso ta hagunsa na miƙa masa filaya ban yi magana ba. Hannuna a miƙe har ya gaji. Bai san ina wurin ba.

Na fita wajen mai walda. Ya kashe injinsa ya ce idon Baba ne, ya fi shekara ana haka. Shi yake karanta masa lambobin tef ɗin awo in aiki ya zo. Gwangwanayen da na zubar, da hannu Baba yake gane su: mai lotsewa na inci ɗaya ne, dogon na inci uku, kofin roba na ƙananan ƙusoshin kujera. Ranar da ya yanke kuwa, Yaya ne ya ari zarton, ya dawo da shi ya ajiye a inda Baba yake ajiye tsumma.

"Ya roƙe ni kar in faɗa," in ji shi. "Ni ma na gaji da riƙewa."

Ni da nake karanta wa tsofaffi takardar magani kullum don ba sa gani. Nawa tsohon ban lura ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je bola. Ni, da takalmin zuwa aiki, ina tonon shara da sanda. Huɗu na samu, har da mai lotsewar. Kofin roba ya tafi.

Haushinsa nake ji. Shekara guda yana riƙe zarto a haka bai gaya wa kowa a gida ba. Haushin kaina kuma ba a magana.

Laraba, 12 ga Maris

Na jera masa gwangwanayen huɗu a kan benci. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon."

Ya juya mai lotsewar a hannunsa. Sannan ya ce, "In na faɗa, yayanki zai sa wa ƙofar nan kwaɗo. In zauna a tsakar gida in yi me? In riƙa ƙirga kajin uwarki?"

Mun yi ciniki kamar a kasuwa. Zan mayar masa da komai inda yake, shi kuma zai bi ni wajen likitan ido. Ya ce bayan wata ɗaya. Na ce jibi. Ya ce na fi Umma taurin kai.

Alhamis, 13 ga Maris

Yana zaune yana ba da umarni kamar mai gida da ɗan aiki. Guduma ƙasa, ƙotar ta kalli ƙofa. Magagarin goge katako a tagar dama, ba ta hagu ba. Na ce me ya sa filaya sai a bayan ƙofa, ya ce don nan hannunsa yake fara kaiwa in ya shigo. Kowane shirme da dalilinsa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sababbin gwangwanayen na ɗaura musu igiya, ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, ƙulli uku. Ya shafa ya ce, "Ba laifi." Daga bakin Baba wannan lambar yabo ce.

Katakon bango yana nan da zanen kayan da babu su. Mai walda ya ce in bar masa.

Juma'a, 14 ga Maris

Yanar ido ce, a idon biyu. Likita ta ce na dama za a yi masa aiki wata mai zuwa, na hagun sai an gani. Yaya ya yi ta faɗa a waya, a rufe, a rufe. Na gaya masa inda ya ajiye zarton ranar nan. Sai ya tambayi ranar aikin.

An tsaya a kan Baba ba zai sake yanka katako shi kaɗai ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Gobe zan koma kanti. Hutu dai ban gan shi ba.

Jiya ni na yi yankan, shi yana riƙe da katakon yana saurare. Ya ce ina danne zarto kamar mai jin haushinsa, in sassauta hannu in bar haƙoran su ci da kansu. Yanka na huɗu ya fita a miƙe. Tafin hannuna ya yi ruwa wuri biyu.

Na roƙi abokiyar aikina mu yi musaya, ta karɓi Asabar ɗina in karɓi Lahadinta. Kafin a yi masa aikin ne kawai, don wani ya karanta masa awo. Ni ba kafinta ba ce, kuma wurin nan har yanzu ciwon kai yake sa ni.

Na dai tambayi mai walda inda ake samun rigar aiki daidai ni. Tambaya kawai na yi.