Hoton Inna ba zai shiga waya ba

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya Alhaji da yara? Mu nan Ƙofar Durbi lafiya lau.

Na sayi kyamarar fim ɗin nan, na sa mata fim baƙi da fari. Sati biyu ina jujjuya guda uku, na zaɓi mai ƙarancin maɓallai, tunda ban taɓa riƙe irinta ba. Kin ce wahalar banza ce, ga waya. To, Inna ta ce hotonta ba zai zaga wayoyin mutane ba, amma na takarda ta yarda. Wataƙila in ɓata na farko, amma ba zan mayar da ita ba. Gobe bayan la'asar Inna za ta zauna mini. Naki zai zo a ambulan, kada ki ɗauke shi da waya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki, Lawal